Kotu ta ce ka biya, kai kuma babu: abin da ke biyo bayan hukuncin bashi

Wani maƙwabcinmu tela, mutum mai kunya da kawaici, ya ranci naira dubu 600 a hannun wani ɗan kasuwa don ya saro yadi gabanin Ƙaramar Sallah. Kasuwa ba ta zo yadda ya zata ba. Da mai kuɗi ya gaji da jin gobe da jibi, sai ya kai ƙara. Sammaci na farko ya zo, maƙwabcin nan ya ninke shi ya cusa a aljihun keken ɗinki, inda yake ajiye allura da zare. Na biyu ya zo, ya ce wa yaran shago su ce ya yi tafiya. Da na yi masa magana bayan sallar Isha'i, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in je in ce musu me? Ba ni da shi."

Bayan 'yan watanni, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidansa, da ma'aikatan kotu biyu da ɗan sanda. Ɗaya na riƙe da takarda yana rubuta abin da ake fitarwa: janareta, talabijin, keken ɗinki, firji. Matarsa na tsaye a bakin labule da goyo a baya, tana ta maimaita cewa firjin nata ne, mahaifinta ne ya saya mata lokacin aure. Yaran unguwa sun yi cirko-cirko suna kallo.

Abin da ya fi ci mini rai a ranar shi ne, maganar nan da ya faɗa mini a ƙofar masallaci, "ba ni da shi", ita ce ya kamata ya je ya faɗa a gaban alƙali. Domin shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka sun raba tsakanin wanda ba shi da abin biya da wanda yake da shi ya ƙi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci, a saurara masa har ya samu sauƙi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ce jan biyan bashi daga mai hali zalunci ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta haɗa biyun a wuri guda: ana tsare wanda ake bi bashi don a gano haƙiƙanin halinsa, amma babu tsarewa a kan wanda ba shi da komai. To amma alƙali ba ya duba. Wanda bai zo ya nuna halinsa ba, kotu za ta lissafa shi cikin masu taurin bashi, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan zato za a gina shi.

Kafin hukunci, bashi da'awa ce kawai, mai ƙara ne zai kawo shaida. Da zarar an yanke hukunci, magana ta sauya. Bashin ya tabbata, kuma mai bi ya samu damar amfani da ƙarfin hukuma wajen karɓar haƙƙinsa. A Arewacin Najeriya irin wannan ƙara takan je kotun shari'ar Musulunci, ko kotun majistare, ko babbar kotun jiha idan kuɗin na da yawa. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, wasu jihohi suka bi sahu. An kafa ta ne da iyakar naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Wanda ya saba jin cewa shari'a sai ta shekara biyar ana ɗagawa, a wannan kotu kafin ya farga an gama da shi.

Abu na farko bayan hukunci shi ne ka je wurin magatakardar kotu ka nemi kwafin hukuncin, ka karanta shi da idonka ko ka samu wanda ka amince da shi ya karanta maka. Kada ka dogara da abin da mai bin ka ya faɗa, ko abin da ka ji a bakin wani. Duba nawa aka ce ka biya, nawa ne asalin bashin, nawa ne kuɗin ɗawainiyar shari'a da aka ɗora. Kotunan Musulunci ba sa ɗora ruwa, amma manyan kotuna kan sa ruwa a kan kuɗin hukunci, sau da yawa kashi 10 cikin 100 a shekara, har ranar da aka gama biya. Duba kuma kwanan watan hukuncin, domin daga ranar ake fara ƙirga duk wani wa'adi. A ƙa'idojin zartar da hukunci na kotunan majistare da manyan kotuna, kwana 3 kacal bayan hukunci mai bi zai iya neman takardar kwashe kaya.

Idan a bayan idonka aka yi hukuncin, ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin a saurare shi, kuma hukuncin da aka yi ba tare da an kai wa mutum sammaci ba, kotun da ta yi shi tana iya soke shi. Sai dai a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Kotu na iya ba da izinin a liƙa sammaci a ƙofar gida ko shago idan mutum yana zillewa, kuma wannan ya wadatar a idon doka. Wanda aka kai wa sammaci ya ƙi zuwa, dole ya kawo uzuri mai ƙarfi, ya nuna yana da abin kare kansa, kuma ya zo da wuri. Wanda ya bari sai da mota ta tsaya a ƙofar gida sannan ya tuna da kotu, zai sha tambaya a kan inda yake duk tsawon watannin.

Sai ɗaukaka ƙara. Wa'adinta gajere ne: kwana 14 a kotun ƙananan basussuka, galibi kwana 30 daga kotun majistare ko ta Musulunci, wata 3 daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, shigar da ɗaukaka ƙara ba ya tsayar da karɓar kuɗi. Sai an roƙi kotu daban ta dakatar da zartar da hukuncin, kuma idan hukuncin kuɗi ne, kotu kan ce a ajiye kuɗin a hannunta har a gama. Akwai kuma wani rami da ake yawan faɗawa. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Bashi da ciniki ba sa ciki, don haka wanda ya kai ƙarar bashi can yana iya ɓata shekaru a ƙarshe a ce kotun ba ta da hurumi.

Ni dai ra'ayina, idan ka san ka ci kuɗin nan, kuma lissafin daidai ne, kada ka ɗaukaka ƙara don jan lokaci. Kuɗin da za ka zuba wa lauya da na haɗa takardu ya isa ka rage wani kaso na bashin, ga ruwa yana hawa, ga zuciyar mai bin ka tana ƙara bushewa. Ɗaukaka ƙara ta wanda aka zalunta ce: wanda ya biya ba a lissafa ba, wanda aka ninka masa kuɗi, wanda aka hana shi kawo shaidunsa.

Hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan masu cin bashi na gaskiya ita ce roƙon biya kaɗan-kaɗan. Kotuna na da ikon yarda da haka, ko a ranar hukunci ko bayansa, amma ba a ba da shi don hawaye. Alƙali yana son ya ga hujja. Ka zo da takardar albashi idan ma'aikaci ne kai, da bayanan asusunka na banki na 'yan watanni, da lissafin abin da shago ke kawowa, da yawan bakunan da kake ciyarwa, da kuɗin haya. A kotun Musulunci ana iya neman shaidu daga waɗanda suka san ka, su tabbatar da cewa ba su san ka da wata dukiya a fili ko a ɓoye ba, sannan a rantsar da kai. Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya kawowa ko da kasuwa ta yi sanyi. Mutane da yawa kunya da tsoro kan sa su yi alkawarin dubu 100 a wata alhali ƙarfinsu dubu 30 ne. Wata na biyu sai su gaza, kuma sau da yawa sharaɗin shi ne da an saɓa sau ɗaya, sauran kuɗin gaba ɗaya ya wajaba nan take. Idan kana da ɗan wani abu a hannu, ka zo da shi ka ajiye a ranar, domin ba abin da ke sanyaya zuciyar mai bin bashi kamar ya ga an fara.

Kowane kwabo ka biya, ka karɓi rasit. Ya fi kyau a biya ta hannun kotu, ko ta banki inda shaida za ta zauna. Idan kuma dattawa ne suka shiga tsakani, ko Hisbah, ko cibiyar sulhu irin wadda ke ƙarƙashin babbar kotun Kano, to a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, a kai wa kotun da ta yi hukunci ta shigar da ita. Sulhun da ya tsaya a zaure bai goge takardar da ke kotu ba. Na ga inda aka yi sulhu da baki, aka yi addu'a aka watse, bayan wata huɗu ma'aikatan kotu suka zo da lissafin farko kamar ba a taɓa biyan sisi ba.

Idan ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai a zo ga kwashe kaya. Dokar da ke tafiyar da wannan a kotunan majistare da manyan kotuna tun 1945 take, zamanin Turawa, kotunan Musulunci kuma suna da nasu ƙa'idojin da suka yi kama da ita ta fuskoki da dama. Sashe na 25 na dokar ya ce ba a taɓa tufafi da shimfiɗar mutum da iyalinsa, da kayan sana'arsa, amma ya ƙayyade kariyar da naira 10. Lokacin da aka rubuta wannan adadi kuɗi ne mai auki, yau ko ruwan leda ba zai saya ba, kuma har yanzu ba a gyara ba. Wannan abin takaici ne, domin hikimar sashen a bayyane take: idan ka ɗauke wa tela keke, ka ɗauke wa mai niƙa inji, da me zai nemo abin da zai biya ka? Majalisa ce ya kamata ta gyara wannan, kuma ta daɗe da makara.

Ma'aikatan da suka zo dole su nuna takardar kotu, su rubuta duk abin da suka ɗauka. Kada ka yi musu gardama da hannu, kada ka bari matasan gida su tare hanya, domin wannan laifi ne na daban da zai mayar da maganar bashi ta koma ta kurkuku. Ka karɓi kwafin jerin kayan. Doka ta hana a yi gwanjon kaya kafin kwana 5 da ɗaukarsu, sai dai abin da zai lalace. Waɗannan kwana 5 su ne damarka ta ƙarshe ta nemo kuɗi ko ka koma kotu, domin a gwanjo kaya ba sa daraja. Abin da ka saya dubu 300 yana iya tafiya a ƙasa da rabi, a cire kuɗin mota da na ajiya, abin da ya rage ne kawai zai shiga cikin bashin. Idan kuɗin gwanjo ya haura bashi, rarar taka ce, ka nema.

A nan ne maganar kayan ɗakin mata ta shigo, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A gidan Bahaushe, gado da katifa da kujeru da kwanuka da firji galibi iyayen amarya ne suka yi mata. Dukiyarta ce, a Musulunci da a dokar ƙasa, kuma bashin miji ba ya hawa kanta sai idan ita ma ta sa hannu ko ta tsaya masa. Amma ma'aikacin kotu abin da ya tarar a gidan wanda ake bi shi yake ɗauka. Mafita ita ce matar, ko duk wanda aka haɗa da kayansa, ta rubuta wa kotu cewa kayan nata ne, ta kawo rasit ko shaidun da suka san yadda aka yi jere. Kotu za ta zauna a kan wannan da'awa kafin a sayar. Haka dokar take ga kayan ɗan haya, da kayan da aka kawo wa mai sana'a gyara, da babur ɗin da aka ba mutum ya yi haya da shi. Iyaye masu aurar da 'ya'ya, ku riƙa haɗa rasit a cikin kayan da kuke kai wa, da sunan yarinyar a jiki.

Gida da fili kuwa ba a fara da su. Sashe na 44 na dokar nan ta 1945 ya ce sai an nemi kayan da ake iya ɗauka ba su isa ba, sannan mai bi ya koma kotu ya nemi izinin taɓa gida.

Hanyar da lauyoyi suka fi so a yanzu ita ce wadda suke kira ganishi, wato kotu ta umarci wanda ke riƙe da kuɗinka, galibi banki, ya miƙa wa mai bin ka. Mataki biyu ne. Na farko ana neman sa ba tare da saninka ba, kuma lauya kan jera sunayen bankuna da yawa don ya dace da wanda kake ajiya a ciki. Da takarda ta isa banki, sai a riƙe kuɗin. Shi ya sa mutum kan je wurin mai POS ya ga kati ya ƙi aiki, bai san hawa ba bai san sauka ba. Sashe na 83 na dokar 1945 ya ce dole a kai wa banki da wanda ake bi takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama na biyu, inda za a tabbatar da umarnin. Idan ka riga ka biya wani ɓangare, ko kuɗin da ke asusun amanar wasu ne, kamar na adashi ko na marayu, cikin waɗannan kwanaki za ka sanar da kotu da hujja. Bayan an tabbatar da umarni, banki ya biya, magana ta ƙare. Wanda bashinsa na banki ne ma ba ya buƙatar a kai shi kotu: tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga sauran asusun mutum da ke haɗe da lambar BVN ɗinsa, bisa izinin da ya sa wa hannu lokacin karɓar rance.

Tambayar da ke hana mutane barci ita ce ta ɗauri. Rashin abin biya kaɗai ba laifi ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan Adam da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta faɗi haka ƙarara a sashe na 11. Abin da doka ta tanada shi ne mai bi ya sa a kira ka da sammaci na musamman, a rantsar da kai, a bincike ka a kan abin da ka mallaka. Idan ta bayyana kana da hali ka ƙi biya, kotu na iya tsare ka har mako 6. Wanda ya ƙi amsa wannan kira, ko ya ɓoye dukiya, ko ya sauya sunan mota da fili zuwa na ƙaninsa don kada a taɓa, ya ƙara jefa kansa cikin haɗari. Zaman gidan yarin kuma ba ya goge bashi, ka fito ana bin ka. Duk da haka kowa ya san ana samun talakawa a tsare a kan bashin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa duk azumi ake jin masu hali sun biya wa wasu sun fito. Da yawansu da sun samu mai tsaya musu ya nuna wa kotu halinsu tun farko, da ba su kwana a can ba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya tana da ofisoshi a jihohi, ana iya fara tambaya daga can.

'Yan sanda kuwa ba masu karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma dokokin biyu sun hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗaukar mata ko ɗa don miji ya fito. Sai dai a kula da iyakar wannan kariya. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, ko ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya, maganarsa ta fita daga bashi ta zama zamba. Wanda kuma ya rubuta cek alhali ya san babu kuɗi a asusun, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara. Don haka duk matsin da za a yi maka, kada ka ba da cek don a ƙyale ka na kwana biyu.

Mai tunanin ya ɓace har a manta, ya sani mai bi yana da shekara 6 yana neman zartar da hukunci a kan dukiya, bayan haka ma yana iya neman izinin kotu ya ci gaba. Kafin nan wanda ya tsaya maka, ɗan'uwa ko aboki, shi za a juya a kai, domin mai lamuni mai biya ne. Idan mutuwa ta riske ka, daga abin da ka bari za a fara cirewa kafin magada su ga komai, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i suka tsara. Shi ma mai bin nan mutum ne, wataƙila jarinsa ke nan, wataƙila shi ma ana bin sa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba haƙƙi a zakka, don haka faɗa wa 'yan'uwa da masu hali ba roƙo ba ne.

Maƙwabcin namu, a rana ta uku bayan kwashe kayan, yayansa da limamin unguwa suka raka shi kotu. Surukinsa ya zo da rasit ɗin firji, ya yi laushi don daɗewa, amma sunan 'yarsa na nan a jiki, aka sakar mata abinta. Dangi suka haɗa dubu 200 aka ajiye, mai kuɗi ya yarda a mayar da keken ɗinki, sauran kuma a riƙa kawo dubu 40 duk ƙarshen wata ta hannun kotu. Janareta da talabijin sun tafi a gwanjo, kuɗinsu ya ƙare a ɗawainiyar shari'a da ta kwashe kaya. Yanzu saura wata uku ya gama, kuma rasit ɗin kowane wata yana cikin aljihun keken nan, inda sammacin farko ya kwana.